Rahoton kwamitin gyaran pilon rediyonmu na nan Tawa

Assalamu alaikum jama'a, alhamdu lillahi aikin gyaran pilon, dogon ƙarfen nan da ke ɗauke da antan ɗin rediyo, ya ƙare, ga bayani ga duk wanda ya sa kuɗinshi ko ƙarfinshi a ciki.

Kun tuna tun iskar hadarin farko ta bara ƙarfen ya ɗan karkata, mutanen ƙauyuka sunka daina kama mu sosai, don FM miƙe take tahiya, in antan bai tsaya daidai can bisa ba tsaunukan Adar sai su tare muryar. Da injiniya ya zo sai ya tarar wayoyin da ke riƙe da pilon ta kusurwa ukku tsatsa ta ci su, ya kankare guda da wuƙa gabanmu, silin ciki na tsinkewa kamar tsohuwar igiyar guga, wallahi jikinmu ya yi sanyi don yara nan ƙasanshi suke ƙwallo kullum marece.

Mun san da yawa kun yi ƙorahin jinkiri, kuma da gaskiyarku. Dalili shi ne injiniyan ya ƙi yarda a kwance waya ko guda sai an ɗaura wata ta wucin gadi ta riƙe wurin. Ya ba mu labarin pilon rediyo na ƙasar Poland mai tsawon mita 646, wanda lokacin babu gini duk duniya da ya kai shi, amma a 1991 wajen canjin waya irin wanga ya rubzo ƙasa. Har hasumiyar talabijin ta Ostankino a Mosko, mita 540, da anka gama a 1967, kankare ce amma igiyoyin ƙarhe ne anka ɗame daga ciki suke riƙe da ita. To namu da bai kai ƙafarsu ba sai munka bi a hankali, waya ɗai ɗai, kuma da sassahe kawai ake hawa kahin iska ta taso.

An sake zuba kankaren turaku ukku inda ake ɗaure wayoyin a ƙasa, an ba su ruwa safe da yamma har sunka kama, an yi hwenti ja da fari, an maida jar fitila can ƙoli saboda jiragen da ke sauka. Wayar tsawa ma an sake ta, an binne ta da gawayi da gishiri.

Takardun shiga da fitar kuɗi suna hannun ma'aji, mai so ya zo ya duba. Katangar waya ce kawai ba mu yi ba, kuɗi sunka ƙare, don Allah iyaye ku hana yara zuwa wurin turakun kahin mu samu a kewaye.