Taron Talata da kuɗin rigunan ceto

Assalamu alaikum ƴan uwa masunta na Tema, da fatan an dawo lafiya.

Za mu haɗu ranar Talata bayan la'asar a ƙofar masallacinmu na zango. Tunda a nan Gana ba a shiga teku ran Talata, ba mai uzurin aiki.

Makon jiya inji ya mutu wa ƴan uwanmu cikin dare, nesa da gaɓa. Mutum biyar, rigar ceto biyu, wayoyi duk sun jiƙe. Hasken ƴar tocila wasu masunta Fante suka hango, suka jawo su da asuba. Allah ne ya kiyaye. Wanda ya saba da tafkin Volta kada ya ruɗi kansa, teku daban ce, ko ruwanta ba ya shayuwa.

Don haka kowa ya zo da sidi 50 a sayo riguna. Daga yau kuma kwale-kwale ba zai tashi ba sai da filafili, anga, jarkar ruwan sha, ƙarin fetur da waya ɗaure cikin leda. A kuma gaya wa wani a tudu inda aka nufa da lokacin dawowa.

Allah ya ba da sa'a, ya maido kowa ga iyalinsa. Sai Talata.