Iyayen sabbin kadet a Legas, mu yi haƙuri da watannin farko

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana iyaye, musamman mu da muke nan Legas, kan wani abu da ya yi wata 4 yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda muke saurin cire yaranmu daga shirin koyon aikin jirgin sama.

Ni a Agege nake, harkar shanu nake yi a Abbatuwa ta Oko-Oba, na haura shekara 20 a garin nan. Duk wanda ya san Agege ya san yadda jirgin sama ke bi ta kan rufinmu, ka ga tayoyinsa a sake kamar ka miƙa hannu ka taɓa, in kana waya dole ka ce da mutum dakata jirgi ya wuce. Mun saba har ba ma ɗaga kai. Ga 'yan uwanmu nan birjik a bakin filin jirgin Murtala Muhammed, masu canji, masu tasi, masu gadi, 'yan dako, amma tambayi yaranmu nawa ne ke koyon aikin jirgin kansa, sai ka ji tsit.

Babban ɗana shekararsa 14. Malaminsu na boko ne ya ba shi fom na wani shiri da wasu tsofaffin matuƙa jirgi da injiniyoyi suke yi wa yara duk Asabar a Ikeja, kadet suke kiran yaran. Uwarsa da farko cewa ta yi sam ɗanta ba zai hau sama ba, ni kuma abin da ya dame ni lokacin ya ci karo da na hadda. Na je na samu malamin Islamiyyarsu, ya ce Alhaji ba komai, ya riƙa zuwa bayan la'asar yana biya karatunsa, Allah ya sa albarka.

Ranar farko yaron nan tun kafin asuba ya tashi, a ransa yau zai shiga jirgi. Muka hau danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, gosulo ya riƙe mu daga Mangoro har Ikeja Along, muka makara da minti 10, aka tsayar da shi a gefe sai da aka gama kiran suna. Abin da aka koya musu ranar shi ne tsayuwa a layi, juya dama juya hagu, gugar yunifom da goge takalmi. Ya dawo gida fuska a murtuke ko abinci bai ci ba. Asabar ta biyu ma haka, ta uku aka ba su haruffa su haddace, Alfa, Bravo, Charlie, Delta har zuwa Zulu. A nan ne aka cire yara uku 'yan unguwarmu da suka shiga tare da shi, uban ɗaya ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce in dai fareti ne ai gara yaro ya shiga 'yan agaji, kuɗin mota kawai muke ƙonawa. Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai, ita ce ta sa nake rubuto maka.

Don ni ma na so in cire nawa, amma na ce bari in je in gani da idona tukuna. Na tarar an jera su kafaɗa da kafaɗa a fili, suna tafiya a hankali kai a sunkuye, duk wanda ya ga tsakuwa ko ƙusa ko murfin kwalba sai ya tsinta ya sa a leda. Na tambayi wani dattijo cikin malaman, tsohon injiniya ne, na ce ranka ya daɗe shara aka kawo su koya? Sai ya zaro wani ɗan noti daga aljihu, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ya ɗora mini a tafin hannu ya ce wannan in injin jirgi ya zuƙe shi zai iya kakkarya fukafukan da ke cikinsa, shi ya sa ko a manyan filayen jirgi ake irin wannan tsintuwar. Ya ce injiniya in ya gama aiki sai ya ƙirga sifanunsa, in ɗaya ya ɓace jirgin ba zai tashi ba sai an gano shi. Yaron da bai iya zuwa kan lokaci ba, bai iya lura da maɓallin rigarsa ba, ta yaya za a ba shi amanar rayukan mutane? Na riƙe notin nan na kasa cewa komai, don mu ma a Abbatuwa ba ma ba sabon yaro wuƙa ranar da ya zo, sai ya yi wata da watanni yana jan igiya.

Haruffan nan ma ashe ba wasa ba ne. A rediyo B da D da T duk kusan ɗaya suke fita, ga ƙarar inji, shi ya sa kowane harafi aka ba shi suna, kuma duk umarnin da mai kula da zirga-zirgar jirage ya ba matuƙi sai ya maimaita masa don a tabbatar ya ji daidai. Yanzu yarona in jirgi ya wuce sai ya ce Baba wancan namu ne, lambarsa da 5N ta fara, duk jirgin da aka yi wa rajista a Najeriya haka yake. Wani dare muna zaune a tsakar gida ya tambaye ni ko na san dalilin da ya sa ta kanmu suke sauka, na ce a'a. Ya ɗauko gawayi ya zana mini a siminti, ya ce titin jirgin Ikeja lambarsa 18 ta wannan bakin, wato digiri 180, yana kallon kudu kenan, jirgi kuma yana son ya fuskanci iska in zai sauka, iskar Legas yawanci daga wajen teku take zuwa, to dole su zagayo ta arewa, mu kuma Agege a arewa da filin muke. Shekara 20 ina jin ƙarar nan Malam Edita, sai ɗan cikina ne ya gaya mini dalili. Uwarsa tana bakin murhu tana ji, tun ranar ba ta sake cewa a cire shi ba.

Abin da ke ƙara min ciwo shi ne harkar nan ba baƙuwarmu ba ce. Tun 1925 jiragen sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tana Zariya tun 1964, a cikin gidanmu, kuma Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja a Najeriya, har shugabancin kwalejin ta yi, saboda haka masu 'ya'ya mata ma kar su ce ba da su ake ba. A Amurka akwai ƙungiyar sa-kai ta harkar jiragen sama, Civil Air Patrol, da aka kafa a 1941, tun yaro yana shekara 12 suke ɗaukarsa kadet, su ma da yunifom da fareti suke farawa kafin a ɗaga yaro sama.

Ga wanda ɗansa zai fara, ka kai shi asibiti a duba idonsa tun yanzu, musamman rarrabe launi, don fitilar fiffiken hagu ja ce ta dama kore, kuma gwajin lafiyar matuƙi ba ya wasa da wannan, gara ka sani da wuri kafin ka sayar da gona. Gilashi shi kaɗai ba ya hana mutum tuƙi. A matsa masa kan lissafi da fizis da Turanci, sai da kiredit ɗinsu a jarrabawar gama sakandare ake maganar Zariya, kuma a bar shi ya riƙa Turancinsa da ƙarfi ko ana masa dariya, don yaranmu kunya ce ke kashe su a gaban rediyo. Karatun matuƙi kuɗi ne na miliyoyi, ban ɓoye ba, ni kaina ban san yadda zan yi ba in lokacin ya zo, amma ai akwai gyaran jirgi, akwai aikin hasumiya na kula da zirga-zirgar jirage, akwai hasashen yanayi, duk ta ƙofar nan ake shiga.

Roƙona gare ka, ka tura wakilinka Zariya ya rubuto mana da Hausa yadda ake neman gurbi da abin da ake buƙata, don da yawanmu ba ma iya karanta na Turancin. Sarkin Hausawan Agege da attajiranmu na Mile 12 da Idi-Araba kuma ina roƙonsu don Allah ko bas ɗaya ce su ɗauki nauyi duk Asabar, kuɗin mota ne ya fi kayar da iyaye. Yaran nan uku da aka cire na koma wajen iyayensu, ɗaya ya yarda ɗansa zai dawo wannan Asabar ɗin, zan biya masa danfo tare da nawa.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka, wani uba daga Agege, Legas.