Wasiƙa zuwa ga 'yata a kan Turancin jarrabawa

Uwata,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da 'yan ɗakinku. Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Na karanta insha'in da kika turo ta wayar yayanki. Tunaninki ya yi, ban da abin cewa. Sai dai Hausa ce kika ɗinka wa rigar Turanci, kuma ɗinkin ya fito fili. Kin rubuta “My mother she came”. Na san inda kika samo shi: mu “Inna ta zo” muke cewa, ba ma barin “ta” a baya. Su kuwa da zarar an ambaci mai aikin, shi ke nan. Cire “she” ɗin.

Inda na fi jin tsoro shi ne kalmominmu masu faɗin baki. “Ji” guda ɗaya ce a wurinmu: ki ji kira, ki ji ƙamshi, ki ji sanyi, ki ji Larabci. Turawa sun raba ta huɗu: hear, smell, feel, understand. Haka “ara” take. Mai karɓa shi ke borrow, mai bayarwa lend, don haka “borrow me your pen” ɗin da kuke yi a aji, jan biro zai sha a hannun mai duba takardar WAEC.

Kada ki ce Baba ya cika tsanani, ni ma na sha kunyar. Ina sabon ma'aikaci, shugabanmu Bature yana yi mini magana aka kira la'asar. Na miƙe na ce “I am coming”, wato “ina zuwa”, na nufi ƙofa. Ya bi ni da ido baki buɗe, ga mutum yana cewa yana tahowa amma ƙeyarsa ake gani. Aka yi wata guda ana yi mini dariya a ofis.

Insha'in jarrabawa kalma 450 ake nema, kuma ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, ko da C6 ne. To, ki gajarta jimlolinki. Kowace kika gama, sa yatsa a kan mai aikin, sa wani a kan aikatau, wato kalmar da ke nuna aikin, ki duba ko sun jitu: he goes, they go. Manyan kalmomin nan na burga ki bar wa 'yan siyasa.

Ki gyara wannan ki sake turo mini kafin Juma'a. Innarki ta ba direba yaji da ƙuli-ƙuli, ki tambaya a bakin ƙofa. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki