Gargaɗin tsarin ƙunshi a vSAN: a auna wuri kafin a danna maɓalli

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a shafinku na kimiyya da fasaha in ja hankalin masu kula da rukunin sabobi game da wani gargaɗi da ke rikita jama'a bayan an ɗaga manhajar vSAN ta VMware, wadda ke haɗa faifan sabobi da yawa su zama rumbun ajiya guda, zuwa siga ta 7.0 Update 1 ko sama da haka. An gama aiki lafiya, sai ga alama ruwan ɗorawa a shafin duba lafiyar rukunin, wato Skyline Health, tana cewa akwai ƙunsoshin bayanai da ke buƙatar sabon tsari. Wasu su firgita su danna maɓallin gyara nan take, wasu kuma su kashe gargaɗin su manta da shi. Duka biyun ba hanya ba ce.

Gargaɗin ba ya nufin bayanai sun lalace. Abubuwa biyu ne ake cakuɗawa: tsarin faifai daban, tsarin ƙunshi daban. Tsarin faifai lamba ce da kowane faifai ke ɗauke da ita, 13 a 7.0 Update 1, 14 a Update 2, 15 a Update 3, kuma ɗaga ta a waɗannan matakan galibi sauya bayanan shaidar faifan ne kawai ba kwashe kayan da ke ciki ba, ba ya jan lokaci. Ƙunshi kuwa shi ne yadda vSAN ke riƙe faifan kowace VM, wato kwamfutar manhaja da ke gudana a cikin sabar, yana yanka shi gutsure-gutsure da ba su wuce 255 GB ba, ya rarraba su kan sabobi. A tsohon tsari, idan za a sauya wa babban ƙunshi ƙa'idar ajiya, wato dokar da ke faɗin yadda za a ajiye shi da kwafi nawa, sai an gina sabon kwafi gaba ɗaya kafin a goge tsohon. Shi ya sa a da ake cewa a bar kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na rumbun a wofi. Sabon tsarin da ya zo a 2020 yana yin aikin kashi-kashi, wurin da yake ara ya ragu sosai. Ƙunsoshin da suka haura 255 GB, waɗanda aka ƙirƙira kafin ɗagawar, su ne ke nan kan tsohon zubi, su gargaɗin ke ƙirgawa.

Inda ake faɗawa rami shi ne maɓallin Change Object Format. Danna shi na tayar da kwafe-kwafen bayanai na gaske tsakanin sabobi, kuma sai sabon zubin ya kammala ake sakin tsohon. A yi lissafi: faifai mai 2 TB cike, a ƙarƙashin RAID-1, tsarin ajiye kwafi biyu mai jure mutuwar sabar ɗaya, ya riga ya ci 4 TB. Sake zuba shi na neman ƙarin wuri a kan wannan. Idan wani faifai ya haura kashi 80 cikin 100, vSAN zai fara kwashe kaya daga kansa don daidaita nauyi, aiki ya hau kan aiki. Gaskiya ne tun siga ta 6.7 manhajar na taƙaita kwafe-kwafen zuwa kusan kashi 20 cikin 100 na hanyar zirga-zirgar bayanai idan ana cunkoso, amma hakan na nufin aikin zai daɗe, kuma masu rumbun bayanai mai nauyi za su ji jinkirin.

Don haka a bi a hankali. A tabbatar vCenter, manhajar da ke kula da rukunin, aka fara ɗagawa, sannan ESXi, manhajar da ke kan kowace sabar, duk su zama kan siga ɗaya, sannan tsarin faifai. A sani cewa ɗaga tsarin faifai mataki ne da ba a komawa baya, kuma daga nan sabar mai tsohuwar siga ba za ta shiga rukunin ta yi aiki daidai ba, saboda haka kwafin ajiya da aka gwada dawo da shi ya zama wajibi tun kafin a fara. Bayan nan a duba shafin Resyncing Objects, mai nuna kwafe-kwafen da ake kan yi, a ga babu abin da ke gudana, babu sabar da ke yanayin gyara, babu faifan da ke nuna alamar mutuwa. Wanda ya fi son layin umarni, esxcli vsan debug object health summary get zai nuna masa ƙunsoshi nawa ne ke lafiya, nawa ne ba a iya kai gare su.

Waɗannan da ba a iya kai gare su ne suka fi tsayar da aiki. Sau da yawa ragowar fayilolin wucin gadi ne masu suna vswp na VM da aka kashe tuntuni, kuma a RVC, wani layin umarni da ke cikin vCenter, akwai vsan.check_state da ke fito da su. To amma kada a goge ƙunshi don kawai yana cikin jerin. A nemo lambarsa, a gano na wace VM ne. Wanda ya goge faifan da ke jiran sabar da ta faɗi ta dawo, ya yi asarar da gargaɗin bai taɓa jawo masa ba. A tuna ma vSAN na jiran minti 60 kafin ya fara sake gina gutsuren da ya ɓace, don haka sabar da aka sake kunnawa yanzu-yanzu a ba ta lokaci.

Masu sabobi uku kacal su ƙara kula. Kwafi biyu da shaida ɗaya, wato ƙaramin gutsuren da ke raba gardama tsakanin kwafin biyu, sun mamaye ukun, babu inda za a kwashe kaya. Idan ɗaga tsarin faifai ya nemi a yarda da rage kariya, ma'anarsa wasu bayanai za su zauna da kwafi ɗaya na ɗan lokaci.

Idan wuri bai isa ba, barin gargaɗin a kunne har a ƙaro faifai ya fi, domin VM na ci gaba da aiki kan tsohon zubi. Idan ya isa, a fara a lokacin da aiki ya yi sauƙi, a sa ido kan yawan bayanan da suka rage, a sake gwajin lafiya bayan sun kai sifili. Sai bayan nan ya dace a kunna zaɓin keɓe wuri domin ayyukan cikin gida na vSAN da na sake gina bayanan sabar da ta faɗi, a saitunan rukunin.

Wassalam,
Mai karatu, ma'aikacin kula da sabobi