Godiya ta musamman ga ma'aikatan sashen adana bayanan masu laifi

Assalamu alaikum. Ni ɗan sanda ne mai bincike, kuma na ga ya dace in gode muku a fili inda kowa zai gani, don mu ake ɗauka a hoto in an yi babban kamu, ku kuwa kuna can gaban kwamfuta ba wanda ya san da ku.

Da can in muka kama mutum sai dai a rubuta sunansa a littafin kanta, a ɗaure fayil da zare a jefa a kabad ƙura ta rufe shi, shi kuwa gogan ana ba da belinsa zai tsallaka wani yanki ya canza suna ya aske gemu, shike nan ya zama sabon mutum.

Kwanakin baya aka kawo mana wani kan satar waya, yana ta rantsuwa shi bai taɓa taka caji ofis ba, wallahi har ya ban tausayi na jawo takardar beli. Muka ɗauki zanen yatsunsa muka tura muku, ban gama cike takardar ba sai ga amsa: sunaye 3 daban-daban, hoto ɗaya, kuma kotu na nemansa kan fashi da makami. Jikina ya yi sanyi na ajiye biro. Suna dai ana iya canza shi, amma zanen yatsa tun a ciki yake fitowa kuma da shi za a mutu.

A kwas muna jin yadda FBI ta Amurka ta buɗe rumbunta na bayanan laifuka mai suna NCIC tun 1967, da yadda Interpol ke haɗa 'yan sandan ƙasashe ta hanyar sadarwarta mai suna I-24/7, ashe da rabon zan ga irinsa a teburina.

Abin da ya fi burge ni kuma shi ne ba ku ɗauki kamu a matsayin hukunci ba. Wanda kotu ta wanke kuna gyara bayaninsa, kuma duk jami'in da ya buɗe fayil ɗin wani sai sunansa da lokacin sun fito, ba damar leƙen asirin mutane don son rai.

Roƙona ɗaya, ku ci gaba da matsa wa ofisoshin da ke jinkirin shigar da bayanai, ko da mu ne. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara basira.

Naku,
Wani ɗan sanda mai bincike