Wasiƙa ga Iyaye Kan Darasin Hawan Doki

Assalamu alaikum, iyaye da waliyyan ɗalibai.

Hukumar makaranta tana sanar da ku cewa darasin hawan doki na ɗalibanmu masu buƙata ta musamman zai ci gaba a zangon karatu mai zuwa. Wasunku sun tambaya ko akwai wani amfani a ciki bayan nishaɗi, kuma tambayar ta dace, domin mu a nan doki abin ado ne na hawan Sallah, ba mu saba ganinsa a matsayin hanyar gyaran lafiya ba.

Idan doki yana tafiya a hankali, bayansa yana motsa ƙugun mahayi gaba da baya da kuma gefe da gefe, kusan yadda ƙugu yake motsawa idan mutum yana takawa da ƙafafunsa. Yaron da yake wuni a kan keken guragu ba ya samun irin wannan motsi, amma a kan sirdi dole tsokokin cikinsa da na bayansa su yi aiki domin ya zauna daram, ɗumin jikin dokin kuma yana sassauta ƙafafun da suka sanƙare. Da haka ne zama yake miƙewa, wuya ya riƙe kai, sannan yaron da kullum ake yi wa komai ya ga dabba mai girma tana bin linzamin da ke hannunsa.

Lis Hartel, 'yar ƙasar Denmark da shan inna ya kama a 1944, ta koma kan doki duk da ƙafafunta sun shanye daga gwiwa zuwa ƙasa, har ta ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta 1952 da ta 1956. Nasararta tana cikin abubuwan da suka ƙarfafa wannan aiki, kuma a 1969 aka kafa ƙungiyoyinsa a Birtaniya da Amurka.

Abin da ya fi damunmu shi ne fashin zuwa darasi. Amfanin yana taruwa ne mako bayan mako, tsawon watanni da shekaru, saboda haka muna roƙonku kada ku janye yaro don ba ku ga canji da wuri ba.

Kowane ɗalibi zai sa hular kwano, tare da mai jan doki da masu rakiya a gefensa. Yaro mai farfaɗiya ko matsalar ƙashin wuya ko gocewar ƙugu ba zai hau ba sai an kawo takardar amincewar likita zuwa ofishin shugaban makaranta.

Wassalam,
Hukumar Makaranta