Zuwa ga Gwamnan Jihar Kaduna: wa zai gaya wa baƙin Zariya idan annoba ta dawo?

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Allah ya taya riƙo.

Ni tsohon malamin firamare ne a Tudun Wadar Zariya, kuma sama da shekara 20 ke nan 'yan cirani na kwana a zauren gidana. Saboda su da ire-irensu na ɗauki alƙalami: Zabarmawa da Buzaye 'yan Nijar masu gadi da ga-ruwa da sayar da shayi, matan Borno da rikicin Boko Haram ya koro, da mutanen Birnin Gwari da Giwa da Zamfara da 'yan bindiga suka tasa, suna raɓe a kangwaye da gidajen dangi.

Ba sai na ba ka labarin 2020 ba, lokacin kana Majalisar Dattawa. A ƙarshen watan Maris aka kulle jihar nan saboda korona. Sanarwa ta yi ta fita a rediyo da talabijin, da Turanci da Hausa: a wanke hannu, a ba da tazara, mai zazzaɓi ya killace kansa. Maza tara ke kwana a zaurena a kan tabarma uku. Ina tazarar za ta fito? Sun saurara, suka ga ba da su ake ba, suka kashe rediyo.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne na wani Buzu mai gadi a layinmu. Hausarsa ta ciniki ce kawai. Zazzaɓi da tari suka kwantar da shi, ya ɓoye a rumfarsa fiye da mako guda, ko kemis ya ƙi zuwa. Ya ji ana loda almajirai a manyan motoci ana mayar da su jihohinsu, sai ya yanke cewa duk baƙon da ya taka asibiti, daga can sai bakin iyaka. Na yi masa magana, limaminmu ya yi, ya ƙi. Sai da aka nemo dattijonsu, wanda ke karɓar sababbin zuwa yana samar musu gidajen gadi. Ya tsuguna a bakin rumfar, ya yi masa magana da harshensu, ba a fi minti goma ba mutumin ya miƙe muka kai shi. Allah ya yi da sauran kwanansa. Wannan dattijo, ranka ya daɗe, na tambaye shi, ya ce tunda yake ba a taɓa kiransa taron lafiya ba, ko sau ɗaya.

Kuma mun san hanyar, shi ya sa abin ke da zafi. A 2003 wasu jihohin Arewa suka juya wa allurar shan inna baya. Sai da aka bi ta hannun sarakuna da hakimai da masu unguwanni da malamai, aka sa matan unguwa suna shiga gida-gida, sannan iyaye suka fara miƙo 'ya'yansu, har aka kai watan Agustan 2020 da aka ce Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Masarautar Zazzau na cikin waɗanda suka yi wannan aiki. To amma mai unguwa 'yan gari ya sani. Baƙo yana da nasa na gaba: shugabannin 'yan Nijar mazauna gari, arɗo a ruga, alaramma a tsangaya, shugaban 'yan ga-ruwa, shugabannin direbobi a tashar Kwangila inda yake fara sauka. Me ya hana a jawo su?

An yi mana alƙawarin cibiyar lafiya a kowace mazaɓa cikin 255 na jihar nan, gwamnatinka ma ta maimaita. Mun gode, muna ganin gine-gine. Sai dai wanda ke tsoron a tambaye shi takarda ba zai shiga ba ko da an yi ginin da zinariya. Mashaƙo ya shigo jihar nan a 2023, amai da gudawa kuma ba ya rabuwa da damina, kuma cuta idan ta kama mai gadi, gidan maigida za ta fara shiga.

Don Allah, ranka ya daɗe, ka ba da umarni a saka shugabannin baƙin nan cikin kwamitocin lafiya na mazaɓu tun yanzu da ake zaune lafiya, a san su, a riƙe lambobinsu, su ma su san wanda za su kira idan jita-jita ta tashi a cikinsu. A naɗi saƙon murya da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci, da muryar mutanen da suka sani, a tura ta WhatsApp, domin yawancinsu ba sa karatun boko amma suna da waya. Sannan ka faɗa da bakinka, kowa ya ji, cewa a lokacin annoba ba a tambayar marar lafiya katin ɗan ƙasa kafin a duba shi. Akwai maganar kuɗin mota ga masu aikin sa kai, da ruwan wanke hannu a kangwayen nan, amma a fara da wancan.

Da an gama girbi 'yan cirani za su fara sauka, kuma ranin da ke kawo su shi ne lokacin sanƙarau. Dattijon nan yana nan da ransa, ni zan rako shi duk inda aka ce ya zo.

Naka,
Tsohon malamin firamare, Tudun Wada, Zariya